Adikon Keziah

Windsor, watan Disamba, 1648

Zuwa ga abokina Barnaby Tuck, baduku, a Wenlow,

Gaisuwa mai yawa daga mutumin da yatsunsa suka sandare har alƙalami na suɓuce masa. Ina fatan kana lafiya, kai da gurguwar ƙafar nan taka mai sanin zuwan ruwa tun kafin hadari ya haɗu. Yaya Inna? Yaya jikin ƙanwata Keziah? Ka gaishe su da kyau, ka gaida Baba Tuck in zai karɓi gaisuwar ɗan tawaye. Ni lafiya nake, ban da sanyi da ɓacin rai.

Wasiƙarka ta iso ta hannun mai keken kaya. Rubutun naka ne amma maganar ta Inna ce, don na san kai ba za ka kira mutumin da muke tsare da shi a gidan nan "ubanmu" ba. Ga amsata. Ka tace ta kafin ka karanta mata, ka san bakina.

Wai ta ɗauko Keziah su zo nan, ni kuma in shigar da su Sarki ya shafa mata wuya, tunda kowa ya san ciwon-sarki, kumburin wuyan nan da ke damun ta, ba ya jin magani sai hannun sarki. Barnaby! Shekaru nawa muna yaƙi da mutumin nan? Na kwana cikin laka, na binne abokai, duk don a gane cewa shi ma mace ce ta haife shi. Yanzu da muka kama shi, sai uwata ta zo ta durƙusa masa, ni ina riƙe musu ƙofa? Hannun da ya ɗaga tutar yaƙi a kan mutanensa, shi ne zai warkar da 'yar mai haƙa lambatu? Ka tuna lokacin da ni da kai muke koya wa kanmu baƙaƙe a jikin duwatsun kaburbura a bayan coci. Mun karance su kaf, na mai gona da na bara, duk tsutsa ɗaya ce ta cinye su. Na karanta Littafi Mai Tsarki daga bango zuwa bango, ban ga inda Allah ya zuba magani a tafin hannun wani gida ba.

Ko da ma ina so, ba zan iya ba. A ƙofar waje aka sa ni, ban ko taɓa ganin fuskarsa ba, kuma an ba mu umarni kada marar lafiya ko ɗaya ya shiga. Suna nan jibge a bakin ƙofa kullum, wuya a naɗe da tsumma, wasu daga garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba. Shekaranjiya na tsaya na yi wa wata tsohuwa bayani tsaf, cewa an haifi kowa da 'yancinsa, cewa ba wanda ya isa ya ɗora maka doka sai an tambaye ka. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Na ji, ɗana, Allah ya ƙara basira. To kai za ka taɓa shi?" Ta turo mini jikanta, ta kwance tsumman. Ban iya ko kallon wurin ba. Obed, wani dattijon soja da muke gadi tare, ya kwashe da dariya ya ce, "Malam Silas, taɓa mana! Ko wa'azin a baki ya tsaya?" Na ce masa ya je ya taɓa uwarsa. Tsohuwar ta mayar da tsumman, ta koma ta zauna cikin ƙanƙara.

Ka ce wa Inna kada su taso, sanyin hanya kaɗai ya isa ya kashe Keziah. A riƙa wanke wurin da ruwan gishiri mai ɗumi, haka likitan runduna yake yi.

Ba ni da abokin karatu a nan. In na sayo sabuwar ƙasida na fara karanta wa mutanen ɗakinmu, kafin in juya shafi rabi sun fara minshari, rabi suna tambaya ko da sauran cuku. Ina kewar gardamarka, gurgun banza.

Naka har kullum,
Silas Garrick

Landan, watan Fabrairu, 1649

Barnaby, abokina,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta mutanen gida. Allah ya sa wannan takarda ta sami Keziah da rai. Da wannan zan fara, don tun da na karanta taka ban iya cin abinci kamar mutum ba.

Ka ce kumburin ya fashe wuri biyu, ba ta iya juya kai, ta daina zuwa coci saboda yadda mata ke matsawa daga kusa da ita. Ka ce Inna ta ce in na hana 'yarta hannun Sarki, to ita ba ta da ɗa a soja. Ka yi ƙoƙari ka sassauta maganar, amma na san muryarta. Na kuma ga adikon Keziah da aka naɗo a ciki, farin nan mai shuɗin baki, wai ko gefen rigarsa in samu in goga. Ya zo da ƙamshin hayaƙin murhunmu. Na daɗe da shi a hanci kamar wawa.

Labari ya riga ya iso ku, na sani. An sare wa Sarki kai. Kada ka tambaye ni yadda ya mutu, ban gani ba. An jera mu a ƙarshen titi da dogayen masu, bayanmu ga dandamalin da aka sare shi a kai, fuskarmu ga jama'a. Abin da na gani fuskokin mutane ne. Na daɗe ina jiran ranar nan, na zaci zan yi ihu in wurga malafata sama. Da gatarin ya sauka, taron ya yi wani irin nishi, dukansu lokaci guda, kamar saniyar da aka soka. Ba wanda ya yi murna a inda nake. Ni kaɗai na so in yi, na duba hagu da dama ban ga wanda zan yi da shi ba.

Kafin a kore su, mutane suka yi ca a gindin dandamalin da adiko da tsumma, kowa na so ya dangwali jini. Sojojinmu kuwa, waɗanda suka yi yaƙi don a daina wannan shirmen, suka buɗe kasuwa. Har ɓarɓashin katako mai jini sayarwa suke yi.

Zan gaya maka abin kunyar, tunda kai ne. Na shiga layin. Adikon na cikin rigata, na ce a raina ba don na yarda ba ne, don Inna ne. Ina isa gaba sai ga Saje Mudge, shi ke karɓar kuɗi. Ya buɗe baki yadda kowa zai ji: "Kai! Ku zo ku gani, Malam Babu-Sarki ya zo neman tabarruki! Silas, ɗigo nawa za a ba ka? Ko sai ka gama mana huɗubar?" Aka yi ta dariya. Na ce masa ni kallon ɓarayi na zo yi, kuma na gani. Na fita daga layin.

Da la'asar Obed ya ja ni bayan wata mahauta ya nuna mini. Ga yaron mahauci yana miƙa wa mutumin Saje guga. Obed ya ce, "Kai ma ka yi tunani, mutum ɗaya jini nawa gare shi? Tun azahar na Sarki ya ƙare. Wanda ake sayarwa yanzu da safe gurnani yake yi a cikin turke." Ka ji fa. Rabin gidajen ƙasar nan za su kwana suna sumbatar alade.

To ga adikon na mayar. Tabon da ke jiki jini ne na gaske, na mutum, ɗan Ingila. Na naɗe hannun riga na sa wuƙar cin abincina a damtse. Ka ce wa Inna na Sarki ne, ka ce na sha wuya kafin in samu, wannan ɓangaren ma ba ƙarya ba ne. Kai kaɗai ka san sauran. In bai yi komai ba, to ko na Sarkin ma da ba zai yi ba. In kuwa ta warke, Barnaby, ka ga hujjar da duk ƙasidun Landan ba su kawo irinta ba: jinin ɗan mai haƙa lambatu ya yi aikin jinin sarauta! Ranar da na dawo zan tsaya a ƙofar coci in nuna musu tabon damtsena.

Kada a daina ruwan gishirin.

Abokinka,
Silas

Sansani, yamma da Landan, watan Afrilu, 1649

Barnaby,

Gaisuwa, da godiya ga Allah. Na karanta wasiƙarka a tsaye, na sake karanta ta a zaune, sannan na fita bayan dawaki inda ba kowa na yi kuka. Ruwan ciwon ya tsaya, bakinsa ya haɗe, ta ci naman tunkiya ta nemi ƙari! Ka sumbaci hannun Inna a madadina. Ka ce wa Keziah yayanta ya ce ta ci har ta fi matar mai giya ƙiba.

Yanzu sauran maganarka, wadda ta sa na kusa yaga takardar.

Wai in na zo in zo da bakina a rufe. Wai Keziah da adikon take kwana a wuya, in aka ɗauke don a wanke wuyan sai jikinta ya hau ɓari, kana tsoron in ta ji gaskiya ciwon ya dawo. Wai mutane sun fara zuwa daga ƙauyukan kewaye, Inna na tsoma gefensa a ruwa tana ba su su shafa. Sannan ka rubuta, da hannunka, cewa kai ma kana cire hula in an buɗe akwatin da ake ajiye shi da rana. Kai da ka san daga inda ya fito! Me kake cire wa hula, damtsena? Ka ce ka ga abin da idonka, ba ka san me ya warkar da ita ba, ba ka kuma son ka sani. Ni na sani: gishiri ne da bazara da ƙarfin jikinta. Ko kuma jinina ne. Ko ma mene ne, ba shi ba ne. Mun kashe sarki a Landan, na aika an naɗa shi waliyyi a ɗakin girkin uwata. Wace irin dariya ce Allah yake yi mini?

Na kuma lura sunan Keziah ya fito a kowane layi na wasiƙarka, har da launin rigarta. Ni ba makaho ba ne, gurgu. Za mu yi wannan maganar.

Nan ma abubuwa sun lalace. Manyanmu sun hau kujerun da suka kwashe, sun ji daɗinsu. Alkawarin da aka yi mana, cewa kowane magidanci zai sami bakin zaɓen wanda zai yi masa doka, yanzu in ka ambace shi sai a ce kana ta da fitina. Za su tura mu ƙetaren teku mu yaƙi mutanen Ayaland, waɗanda ko akuyata ba su taɓa sata ba. Mun ce ba za mu ba. Mun ɗaura koren ƙyalle a malafa don a san mu. Har Obed ya ɗaura, ya ce shi bai gane rabin abin da nake karantawa ba, amma amai yake yi a jirgin ruwa.

Ban yi maka alkawarin yin shiru ba. Ka sani tun yanzu.

Silas

Wani masauki a hanyar Bristol, watan Yuni, 1649

Zuwa ga Barnaby Tuck, wanda har yanzu nake kira abokina,

Ina gaishe ka. Ba sai na tambayi lafiyarku ba wannan karon, na gan ku da idona, kai ma ka gan ni.

Bari in fara da yadda na zo. Tawayenmu bai je ko'ina ba. Dawakan manyanmu suka rutsa mu a wani ƙaramin gari, aka kulle mu cikin coci kamar tumaki. Bayan 'yan kwanaki aka hau da mu kan rufin, don mu kalli yadda za a harbe waɗanda aka zaɓa a jikin bango. Obed na cikinsu. Ni ne mai baki, ni ne mai karanta ƙasidu, amma shi suka ɗauka, don ya fi ni daɗewa a soja, wai shi ya kamata ya fi sani. Ya cire rigarsa ya miƙa wa na kusa da shi, ya ce kada a ɓata ta da huji, sabuwa ce. Bayan haka aka kawo mai wa'azi ya gaya mana mun yi zunubi, aka karɓe makamanmu, aka ce wanda ya ƙi tuba ya kama gabansa. Na kama gabana.

Da ƙafa na taho Wenlow. Duk hanya ina shirya maganar da zan yi a ƙofar coci, ina faɗa wa shingaye da shanu. Ba abin da ya rage mini sai ita, Barnaby. An ƙwace runduna, an ƙwace alkawari, an kashe mutum ɗaya tak da yake dariya in na yi magana. Abin da na rage da shi tabo ne a damtse, da gaskiyar da ke bayansa.

Na iso da hantsi, ranar kasuwa. Tun daga gada na ga layi a ƙofar gidanmu, har ya zagaya ta wajen rijiya. Baƙi ne yawancinsu, ga gemu ya rufe mini fuska, ga rama, ba wanda ya gane ni. Na tsaya a ƙarshen layin. Wani mai tumbi a gabana ya waiwayo ya ce, "Saurayi, cire malafar nan mana, ba ka san gaban abin da kake ba?" Na ce gaban gidan mai haƙa lambatu nake. Ya ce, "Da can ke nan. Kai daga wane daji aka koro ka?"

Sai Inna ta fito da akwatin. Ta tsufa, amma ban taɓa ganin ta miƙe haka ba. Ita da ko a coci bayan ginshiƙi take zama, yau matar mai gonakin Wenlow ce take matsa mata hanya. Wata ta tambaye ta yadda aka samu, na ji amsar da kunnena: "Ɗana ne, Silas. Yana cikinsu, an ruɗe shi, amma ranar nan Allah ya taɓa zuciyarsa. Ya ratsa ta cikin masu, ya durƙusa yana kuka, ya dangwalo wa ƙanwarsa. Ba uwar da ta haifi kamarsa a ƙasar nan." Matan suka ce Allah ya yi masa albarka. Mai tumbin ma ya ce amin.

Tun ina yaro nake jiran in ji ta faɗi haka a kaina. Ga shi ta faɗa, a kan wani mutum da ba a taɓa haifa ba.

Na fara naɗe hannun riga. Na rantse maka maganar tana kan harshena, kalma ta farko har ta taɓa haƙorana. Sai Keziah ta ɓullo daga bayan gida da guga, wuyanta a buɗe, ba tsumma, sai ɗan tabo fari a ƙarƙashin kunne. Wani ya kira ta daga baya, ta juya kai, fit, kamar tsuntsuwa, tana dariya. Da ta zo wucewa kusa da akwatin ta ajiye gugan, ta taɓa shi da yatsu biyu, ta kai wuyanta, ta ɗauki guganta ta wuce. Ba ta ma san ta yi ba.

A nan na waiwaya wajen rumfarka. Ka ɗago daga kan takalmin da kake ɗinki, muka haɗa ido. Ba ka kira ni ba. Ka girgiza kai sau ɗaya, a hankali. Ban yi fushi ba. Ƙarya nake, na yi fushi, har yanzu ina yi. Amma na sauke hannun rigar.

Kana iya cewa in dawo in zauna in yi shiru. Ka san ni. Zan iya yini ɗaya, wataƙila biyu. Rana ta uku wani zai ce in ba da labarin yadda na durƙusa ina kuka, ko Inna ta miƙo mini akwatin in sumbata, shi ke nan. Ban san abin da ya warkar da ita ba, na yarda yanzu, amma ba zan gwada da wuyanta don in ci gardama ba. Na bi ta bayan coci na fita gari.

Ka auri Keziah. Ba sai ka nemi izinina ba, amma na ba ka. In ka sa ta kuka zan dawo in karya maka ɗaya ƙafar. Ka ce wa Inna an tura ni ƙetare, ina lafiya, ina gaishe ta. Ka kuma lallashe ta ta rage taron nan, ta riƙa shigar da mutane ta baya. Manyan yanzu ba sa son jin sunan Sarki, in labari ya kai musu za su aiko sojoji, kuma na san irin waɗanda ake aikowa.

An ce ana neman masu dako a bakin jiragen Bristol. In za ka rubuto, ka aika wurin mai masaukin Farin Doki a bakin ruwa, zan riƙa leƙawa.

Abu na ƙarshe. Da aka ɗaga adikon na lura tabon ya koɗe, tsomawa a ruwa ta kusa cinye shi. Nan da kaka ba abin da zai rage sai farin ƙyalle, kuma ka ce Keziah ba ta iya barci in babu shi. In ya kai haka, ka ce za ka kai shi a gyara masa baki, ka naɗo mini shi ta hannun mai keken kaya. Akwai saura a inda ya fito.

Naka,
Silas Garrick